AA, SMART, taron addini ko rukunin asibiti: wanne ya dace da mai son rabuwa da giya?

Wata safiya muna zaune a bencin mai shayi ni da wani ƙanena, ɗan baffana, sai na ga ya tallafi kofi da hannu biyu kamar mai jin sanyi, alhali hantsi ya riga ya dubi ludayi. Shayin yana ta fallatsa a yatsunsa. Na ce lafiya? Ya ce zazzaɓi ne. Sai da muka tashi muna tafe ya ce, "Yaya, ba zazzaɓi ba ne. In ban ɗan sha da safe ba, haka jikina yake yi." Ashe ya doshi shekara tara yana shan giya, kuma duk danginmu babu wanda ya sani sai matarsa.

Ya sha rantsuwa, ya sha tuba. A shekarun farko yakan ajiye ta da azumi, bayan salla da mako guda ya koma gidan jiya. Abin da bai taɓa gwadawa ba shi ne zama da mutanen da suka san ciwon daga ciki. Watannin da suka biyo baya mun yi ta lalube tare, shi yana shiga taro, ni ina bincike da rakiya. Hanyoyi biyar muka tarar, ga yadda na auna su.

Kafin a yi maganar taro

Wanda jikinsa ke karkarwa da safe, ko yake haɗa gumi da tashin zuciya in bai sha ba, kada ya yanke giya dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da barasa yakan yi bore. Alamomin kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, wasu su kai ga jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko, wasu kuma a kwana na biyu zuwa na huɗu su rikice, su riƙa gane-gane da jiye-jiye, zuciya na bugawa da sauri. Wannan matakin yana kisa. A gida sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nemi mai ruƙiyya, alhali likita ake buƙata. A asibiti ana sauko da mutum sannu a hankali da magunguna irin su diazepam, a haɗa masa da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Babu taron da zai yi wannan aikin, komai kyansa. Taro na bayan an sauko ne, lokacin da jiki ya lafa amma rai bai daina kwaɗayi ba.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Na farko kuɗi, har da na mota da na data, domin abin da za a riƙa yi duk mako ne. Na biyu ɗorewa: bayan shekara guda, taron zai kasance yana nan, kuma akwai wanda za ka kira ƙarfe biyun dare? Na uku sauƙin zuwa, wato nisa da lokaci da harshe. Na huɗu dacewa da aƙidar mutum.

Na biyar shi ne rufin asiri, kuma a wurinmu shi ya fi kowanne nauyi. A Landan in an gan ka kana fitowa daga taron masu daina giya, iyaka a ɗan kalle ka. A Kano ko Gusau ko Katsina kuwa maganar tana iya taɓa aurenka, da auren 'yarka, da aikinka. Jihohi 12 na Arewa suna aiki da dokokin Shari'a tun farkon shekarun 2000, shan giya laifi ne ga Musulmi, haddinsa a mazhabar Malikiyya bulala 80. Mutumin da ya san haka ba zai buɗe baki a ɗakin da bai amince da shi ba. Kirista ma a Jos ko Kafanchan, inda burukutu da goskolo ba ɓoyayyun abubuwa ba ne, yana jin nauyin a ce dattijon coci ko malamin makaranta ya zama mashayi.

1. Taron AA na ido da ido

Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, ita ce uwar ƙungiyoyin da mashaya ke taimakon juna su daina giya. Ta samo asali a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da mashaya biyu, Bill Wilson, ɗan harkar hannun jari, da Dakta Bob Smith, likitan tiyata, suka gano cewa in suna yi wa juna magana sukan iya kame bakinsu. Tsarinta Matakai 12 ne. Mutum ya fara da amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji yadda ya fahimce Shi, ya zauna ya rubuta laifukansa, ya faɗa wa mutum ɗaya amintacce, ya nemi waɗanda ya cuta ya gyara, sannan ya taimaki wani.

Zaman kan ɗauki kamar awa ɗaya. Kujeru a zagaye, a yi ɗan karatu, sannan kowa ya yi magana in ya ga dama, da sunansa na farko kawai: "Sunana wane, ni mashayi ne." Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi. Sabon zuwa yana iya cewa sauraro ya zo yi, babu mai matsa masa. Akwai taron buɗe, wanda ɗan'uwa ko aboki zai iya rakiya, akwai na rufe, na masu matsalar kaɗai. Na taɓa zama a na buɗe. Abin da ya fi ba ni mamaki dariya ce: wani ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a tankin bayan gida, ɗakin ya kwashe da dariya, domin rabinsu sun taɓa yin irin haka.

Kuɗi: babu rajista, babu kuɗin wata. Ana zagayawa da kwando, mai hali ya jefa abin da ya sawwaƙa don hayar ɗaki da shayi. Duk wanda ya nemi kuɗin shiga da sunan AA, a guje shi.

Ɗorewa: nan ta fi kowa. Sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama jagoransa, wanda zai riƙa kira kullum, musamman in sha'awa ta taso. Ana ba sababbi shawarar taro 90 cikin kwana 90. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, ta samu cewa AA da shirye-shiryen asibiti masu haɗa majinyaci da ita suna yin daidai da sauran hanyoyin jinya, a wajen dainawa gaba ɗaya na dogon lokaci ma sukan zarce su. Sai dai yawancin binciken a Amurka aka yi, inda kowace unguwa take da taro.

Sauƙi: a nan take da rauni. A Najeriya tarukan da aka fi sani suna Legas da Abuja, a Ghana kuma Accra, kuma da Turanci ake yi. Mutumin Azare ko Maraɗi ba zai riƙa yin wannan tafiya duk mako ba.

Aƙida: AA ba ta wani addini ba ce, amma sau da yawa a harabar coci ake zama saboda sauƙin haya, wasu rukunan kuma sukan rufe da addu'ar Kirista. Ba dole ba ne a bi, ana iya yin shiru. Musulmi zai ga matakin neman gafarar waɗanda aka cuta ya yi daidai da sharaɗin tuba na mayar da haƙƙi. Wani kuma zai yi turus a matakin faɗa wa wani laifinsa, saboda hadisin da ya hana mutum tona asirin da Allah ya rufa masa. A fahimtata hadisin yana magana ne kan mai alfahari da saɓo, shi kuwa mai neman magani ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda abin ya tsaya wa a rai ya tambayi malamin da ya yarda da shi.

Haɗari: babu ƙwararre a ɗakin. Wani tsohon mamba yana iya ce maka ka watsar da maganin likita, kodayake ita ƙungiyar ta hana mambobinta yin likitanci. Mace sabuwar zuwa ta zaɓi jagora mace, domin ana samun masu fakewa da taimako suna neman wani abu daban.

2. Taro ta intanet

Wannan ba ƙungiya ce daban ba, hanya ce ta shiga AA da sauransu daga inda kake. Tun lokacin korona a 2020 tarukan Zoom suka yawaita, har ya zama kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wani wuri a duniya. Shafin Online Intergroup na AA yana jera su da lokaci da harshe. Akwai na Turanci, na Faransanci ga mutanen Nijar da Kamaru da Chadi, na Larabci ga na Sudan, akwai na mata zalla.

Bambancin lokaci ma yana yi mana amfani. Ƙarfe biyun dare a Kano, lokacin da barci ya ƙi zuwa kuma shaiɗan ya fi matsawa, ƙarfe takwas ne ko tara na dare a New York, daidai lokacin da tarukansu ke cika. Landan kuwa lokacinmu ɗaya da su a bazararsu, a hunturu muna gabansu da awa guda.

Ƙanena a mota yake shiga. Bayan sallar isha'i sai ya ajiye ta a gefen wani gidan mai, ya ɗaga gilashi, ya sa abin kunne, ya kashe kyamara, ya sauya sunan da ke fitowa a allo. Mako uku bai ce uffan ba. Ranar da ya fara magana, wata tsohuwa daga Sikotland ce ta ce masa ya dawo gobe. Ya ce mini rabonsa da a ce masa ya dawo wani wuri har ya manta.

Kuɗinsa data ne kawai, in an kashe hoto kuma ba ya ci da yawa. Wajen rufin asiri babu kamarsa. Amma yadda shigarsa ke da sauƙi, haka fitarsa: danna maɓalli ɗaya ka ɓace, babu wanda zai biyo ka gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mutum yana iya sauraro da kwalba a gefensa. Ga matsalar sabis da caji, ga Turancin wasu da wuyar kamawa. A yi hattara da rukunan WhatsApp, domin a can kowa yana ganin lambarka, wani lokaci har da hotonka. Abin da ke sa taron intanet ya yi aiki shi ne a tsaya wa guda ɗaya, a riƙa zuwa a rana ɗaya, har a san muryarka, sannan a samu jagora a ciki.

3. SMART Recovery

An kafa ta a Amurka a 1994 don waɗanda tsarin AA bai kwanta musu ba. Babu maganar miƙa wuya, babu jagora na kai da kai, ba a kuma buƙatar ka kira kanka mashayi. Dabarun masana halayyar ɗan Adam ake koyarwa, a kan ginshiƙai huɗu: ƙarfafa niyya, jure sha'awa in ta taso, sarrafa tunani da fushi da damuwa, da tsara rayuwa. Akwai mai gudanarwa da aka horar, kuma ana musayar magana, saɓanin AA. Za a iya ce maka ka ja layi a takarda ka rubuta abin da giya ke ba ka da abin da take ƙwace maka, yau da kuma nan da shekara biyar.

Kyauta ce ita ma. A yankinmu ta intanet ake samunta, da Turanci, kuma tana son mai karatu da rubutu. Tarukanta ba su kai na AA yawa ba, zumuncin bayan taro ma bai kai ba, domin an gina ta ne a kan mutum ya koyi dabara ya kama gabansa. Tana karɓar mai fama da kodin ko tiramol ko caca a zama ɗaya, abin da ke da amfani a nan, inda da wuya ka samu matashin da giya kaɗai yake sha. Na lura tana yi wa ɗan boko mai yawan gardama daɗi, wanda in aka ce masa giya ta fi ƙarfinsa sai ya tsaya musu.

4. Taron da aka gina a kan addini

Akwai tsararru guda biyu da suka yi suna. Millati Islami ta fara a birnin Baltimore na Amurka a 1989, ta ɗauki Matakai 12 ta daidaita su da Alƙur'ani da Sunna, tana kuma da zama ta intanet. Celebrate Recovery ta Kirista ce, ta fara a cocin Saddleback a Kalifoniya a 1991, coci-coci a ƙasashe da dama suna gudanar da ita.

Ban da su akwai abin da muka fi sabawa da shi: zuwa wurin liman ko fasto, zama a majalisin karatu, shiga ƙungiyar matasa ko zumuntar maza. Ga kusa, ga harshen gida, babu ko sisi, kuma ba ya rushewa. Addinin ma ya san ciwon. A matakai aka haramta giya, daga aya ta 219 a Baƙara, zuwa ta 43 a Nisa'i, zuwa ta 90 a Ma'ida. A Sahihul Bukhari akwai labarin mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa.

Matsalar ita ce majalisi ba taron abokan ciwo ba ne. Mashayi ya riga ya san haramun ce, ya fi mai wa'azin jin zafinta. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya wa cewa jiya ya tsaya a ƙofar mashaya minti goma yana kokawa da kansa, a fahimce shi ba a zaro ido ba. Sannan a unguwa magana ba ta kwana. In an dace da malami mai riƙon amana wanda ya san bambancin nasiha da jinya, babbar garkuwa ce. In ba a dace ba, mutum ya fito da kunya a kan kunya.

A nan zan ambaci gidan mari, don iyalai da yawa can suke fara tunani. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, bayan 'yan makonni aka sake gano irinsa a Daura. Sarƙa tana hana mutum sha muddin tana ƙafarsa, kuma wanda jikinsa ya saba da giya yana iya mutuwa a ɗaure a kwanakin farko. Ban sa shi cikin zaɓi ba.

5. Rukunin asibiti

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jos, duk suna duba masu matsalar shaye-shaye. Inda ake kwantar da su akan haɗa su zaman rukuni ƙarƙashin ma'aikaci. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma tana da sassan ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, kodayake ƙwaya ce babban aikinta.

Fa'idarsa babba ce: da Hausa za a yi maka magana, ma'aikaci yana da dokar riƙe sirri a kansa, a gano in akwai ciwon damuwa ko na hanta a ƙarƙashin shan, a kuma iya rubuta maganin rage sha'awa irin su naltrexone. Shi ne mafi tsada: kati, gwaji, magani, gado, abinci. Cibiyoyi masu zaman kansu a Abuja da Legas sun ninka haka nesa ba kusa ba. Rauninsa ɗorewa. Ranar sallama rukunin ya watse, sai ganin likita wata-wata, mutum ya koma unguwar da ya baro da abokan da ya baro. Ga kuma sunan da mutane suka laƙaba wa wurin, wanda ke sa wasu su gwammace zuwa na wata jihar.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin zuwa | Rufin asiri | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| AA ido da ido | Kyauta, sai kuɗin mota | Mai ƙarfi sosai | Manyan birane, Turanci | Mai kyau, amma ana ganin fuska | Shawarar da ba ta likita ba |
| Taron intanet | Data | Ya danganta da naci | Ko'ina, kowane lokaci | Mafi kyau | Saurin sulalewa |
| SMART | Kyauta, data | Matsakaici | Intanet, sai mai karatu | Mai kyau | Ƙarancin zumunci |
| Na addini | Kyauta | Mai ƙarfi | Kusa, harshen gida | Mai rauni a unguwa | Wa'azi a madadin jinya |
| Rukunin asibiti | Mafi tsada | Gajere | Sai an yi tafiya | Doka ta kare shi | Komawa ruwa bayan sallama |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai karkarwa da safe, ko wanda ya taɓa jijjiga, ko mai haɗa giya da ƙwaya: asibiti tukuna. Tun yana kwance a tambayi ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin ko akwai zaman tsofaffin majinyata, a kuma nemo taron da zai shiga a makon da aka sallame shi, kada a bar tazara.

Mazaunin Abuja, Legas ko Accra mai jin Turanci: ya je AA da ƙafarsa. Kada ya yanke hukunci da zama ɗaya, ya gwada biyar ko shida, a rukuni fiye da ɗaya in akwai, domin kowane ɗaki da halinsa.

Wanda fitowar maganar za ta rusa shi, ma'aikaci ko malami ko matar aure a gari mai tsegumi: intanet, kyamara a kashe, da jagora guda. Ya ƙara da mutum ɗaya na zahiri da ya san komai, ko matarsa ko amininsa.

Wanda kalmar "mashayi" ko maganar miƙa wuya ke kora: SMART. Wanda kuma ba zai natsu ba sai ya ji ayar Allah a cikin zaman: Millati Islami ko Celebrate Recovery, gwargwadon addininsa. Babu dokar da ta hana haɗa biyu.

Wanda ba ya jin Turanci ko Faransanci ko Larabci, zaɓinsa ya ragu zuwa asibiti da malami mai amana. Amma a ƙa'idar AA, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don su daina sun isa su kira kansu rukuni. Waɗanda aka sallama daga asibiti ɗaya suna iya sa rana, su riƙa haɗuwa a shagon ɗayansu bayan an rufe kasuwa.

Mata da iyaye da 'ya'yan mai sha suna da tasu ƙungiyar, Al-Anon, wadda Lois, matar Bill Wilson, ta taimaka aka kafa a 1951. Ana shiga ko da shi mai shan bai yarda yana da matsala ba, kuma tana da tarukan intanet.

Shi ƙanena kwana tara ya yi a asibiti a wata jiha, muka ce wa dangi kwas ya tafi. Yanzu yana shiga taron intanet Litinin da Alhamis da Asabar, yana ganin likita duk wata biyu, ranar Juma'a kuma yana zama da wani dattijon malami da ya san labarin. A wata na huɗu ya zame sau ɗaya, a bikin wani abokin aikinsa. Washegari da daddare ya shiga taro ya faɗa, aka ce ya sake fara ƙirga kwanakin dainawarsa daga ɗaya, jagoransa ya ƙara masa kiran waya na safe kafin ya fita aiki.